Shuɗin Yatsu a Kafaɗar Riga

An ce kishi kumallon mata. Wanda ya fara faɗar haka bai taɓa zama kusa da Yayana ba. Ni na zauna, tun ina cikin zanen goyo har yau da furfura ta fara leƙo ni, domin shagon ɗinkina manne yake da shagonsa na wanki da guga, bango ɗaya ya raba mu. In ya yi tsaki ina ji. In ya dangwarar da dutsen guga da ƙarfi na san wani ya taɓo shi, sai in rage gudun kekena in kasa kunne.

Innarmu takan ba da labari cewa ranar da aka haife ni ya shigo ya tsaya a kanta, ya ƙare mini kallo a kan cinyarta, sannan ya tambaya yaushe masu ni za su zo su ɗauki abarsu. Haka ya tashi. Kada wani ya ɗauka mugu ne. Yaya yana iya tuɓe rigar jikinsa ya ba ka, ya koma gida da singileti. Amma abin da zuciyarsa ta riga ta ce nata ne, ko inuwarka ba ya son ta gitta ta wurin.

Sana'ar ta gado ce. Babanmu ya yi wanki har bayansa ya ƙage, Yaya ya ajiye jakar makaranta ya karɓi shago tun gemu bai fito masa ba. Yana da kai, har gida malamansa suka biyo shi, amma bakunan gida suna jiran abinci. Barin makarantar nan bai taɓa warkewa a ransa ba. Har gobe, in mai biro a aljihu ya shigo shagon, za ka ga Yaya ya miƙe wuya, yana auna kowace kalma kafin ya sake ta. A shekarun farko ne kuma wani tsohon injin matse kaya ya gutsire masa kan yatsan tsakiya na hannun dama. Yatsan ya warke gajere, bai ma kai 'yan uwansa na gefe tsawo ba, kuma bai hana shi komai ba.

Mutanen layinmu Na-Guga suke ce masa, kuma sunan bai faɗi ƙasa banza ba. Wanki kowa na iya yi, amma sitaci sai Yaya. Da kansa yake dama shi, ya zuba tafasasshen ruwa yana juyawa har ya yi santsi, ya tace da ƙyalle. Ya san wanda ke son riga mai laushi, ya san wanda ke son wadda in an ajiye ta za ta tsaya da ƙafafunta. Yadda yake ɗaga riga ma daban ne: ya kama ta a kafaɗa, babban yatsa a gaba sauran a baya, ya ɗaga ta sama ya dube ta kamar mai duban fuskar mutum.

Matarsa, wadda nake ce wa Anti, in na so tsokana kuma in ce matarmu, tana ɗaliba a kwalejin kimiyya ta fara zuwa shagon. Farar rigar aikinta take kawowa, irin doguwar nan mai manyan aljihuna biyu da masu ɗakin gwaji ke ɗorawa a kan tufafinsu. Yaya yana goge wannan riga kamar za a kai ta gasa. Nakan leƙo in ce, "Yaya, a bar wa rigar nan sauran rai mana, za ta ƙone." Sai ya ce, "Auta, ki ji da zarenki." Da ta gama karatu ta samu aiki a kamfanin gishiri da ke bayan tashar mota, shekarar ba ta ƙare ba aka ɗaura musu aure. Malama yake ce mata tun suna saurayi da budurwa, bai kuma canza ba.

Aikinta ta sha bayyana mini shi tana zaune a bencin shagona ina yi mata kalmasa. Gishirin da muke ci, kamfani na zuba masa ɗan sinadarin aidin don ya kare mutane daga maƙoƙo. In ya yi kaɗan bai yi amfani ba, in ya yi yawa ma matsala ce, ido kuma ba ya ganinsa. Ita ce mai tona shi. Takan ɗebo gishiri daga abin da injin ya fitar, ta narkar a ruwa, ta ɗiga wani asid mai kauri da ake kira fosforik, ta ƙara ruwan wani farin gari mai kama da gishirin kansa, fotasiyam ayodaid. Nan take ruwan zai yi ɗorawa-ɗorawa kamar shayin da aka yi wa rowar ganye. Sai ta zuba ruwan sitaci, ya juye shuɗi. Duhun shuɗin ne ke faɗa mata yawan aidin, in ta ce a'a kuwa, buhu ko ɗaya ba ya fita ƙofa.

Na ce, "Sitaci? Irin na Yaya?"

Ta ce, "Ɗan uwansa ne. Ni da Yayanki ai sana'armu ɗaya, shi yana sa wa riga, ni ina sa wa gishiri."

Yaya da ya ji wannan magana ta cikin bango, wuni ya yi yana fito.

A lokacin ba su cika sa safar hannu a wurin aikin ba. Wata yamma, suna sabon aure, ta dawo ta tarar da shi a ƙofar shago cikin farar riga mai sitaci, zufa ta ɗan jiƙa ta. Ta dafa ƙirjinsa tana ba shi labarin wani abu. Aka jima sai ga yatsunta sun fito a kan rigar, shuɗi mai duhu, ya fi bula, ya kusa tawada. Yaya ya zabura, don a duniya ba abin da ya tsana kamar tabo. Ita kuwa ta riƙe ciki tana dariya, ta ce ragowar ruwan gwaji ne a hannunta ya haɗu da sitacinsa, wanki ɗaya zai fitar.

Ta ce, "Na buga maka hatimi ke nan. Duk wadda ta gani ta san akwai mai shi."

Mutumin da ba ya barin ɗigon miya ya kwana a riga, ranar da tabon nan ya zaga layi yana gaisawa da mutane. Daga nan abin ya zama wasansu. In ta dawo tana cikin nishaɗi sai ta dafa shi da gangan, wani lokaci a ƙirji, wani lokaci a kafaɗa. Ni nakan ce ai ni ma dangin miji ce, a buga mini nawa, ta ce hatimin nan na mutum ɗaya ne.

Shekaru suka tafi, yara suka zo suka yi makaranta. Kamfani ya canza hannu, aka kawo sababbin dokoki, aka ce kowa sai da safar hannu ta roba. Hatimi ya ɗauke ba tare da wani ya yanke shawarar haka ba. Amma ni na lura da yadda Yaya yake duban ƙirjinsa in ta wuce ciki.

Sai aka kawo musu sabon shugaban ɗakin gwaji. Dogo ne, siriri, mai tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, don haka a layinmu Tabarau ya zama sunansa. Mutum ne mai ladabi har ya so ya yi yawa, yana da mata da 'ya'ya, ba ya kuma iya duban mace a ido sai ya hau gyaran tabarau. Anti da kanta ta jawo wa mijinta ciniki, ta ce wa Tabarau duk garin babu mai sitaci kamar maigidanta. Tun da gidansa da nisa, sai ya zama kowane ƙarshen mako ita ke zuwa da rigunansa a leda ɗaya da farar rigarta. Wannan leda ɗaya ita ce mafarin ciwon.

Ranar da Tabarau ya zo da kansa don ya yi godiya, ina zaune a ƙofa. Ya gaida Yaya hannu bibbiyu, ya yaba guga, sannan hira ta gangara wajen aiki kamar yadda take gangarawa in ma'aikatan wuri ɗaya sun haɗu.

Ya ce, "Ka san, Maigida, waɗannan abubuwa biyu da muke ɗigawa da cokali, a kamfanin da na baro a tukunyar ƙarfe ake dafa su, wadda ta kusa shagon nan girma. In fotasiyam ayodaid ya dahu da fosforik, wani asid suke haifarwa mai ƙarfi, shi ke ɗaura aidin a jikin sinadaran da ake haɗa magunguna da su."

Anti ta ce, "Ba shi labarin sabon ma'aikacin nan."

Tabarau ya fara dariya tun bai fara ba. Ya ce, "Wani ne ya ga fosforik ya ƙare a ƙaramin ɗakin gwaji, ya ce asid ai asid ne, ya ɗauko irin na ruwan batir ya zuba. Shi kuwa wannan ba ya haƙuri, ƙona aidin ɗin yake yi. Sai ga hayaƙi shunayya ya turnuƙe, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai, kowa ya yi ta kansa."

Suka kwashe da dariya su biyu, Anti har da share hawaye. Yaya ma ya yi dariya, amma tasa ta makara, ta kuma mutu da wuri. Bayan an watse ya leƙo shagona yana goge hannu da tawul.

Ya ce, "Auta, ke kin ga abin dariya a ruwan batir?"

Na ce, "Warin ƙwai ai abin dariya ne ko'ina."

Ya ce, "Rabon da ta yi dariya haka a gabana na manta."

Abin da ke cinsa ke nan, kuma na fahimce shi, ban dai goyi bayansa ba. Ba wai ya ga wani abu ba ne. Akwai wani ɗaki a rayuwar matarsa da shi ba ya iya shiga, mai cike da kalmomin da bakinsa ba ya iya juyawa, ga kuma wani namiji zaune a ciki daga safe har yamma. Da Tabarau mummunan hali gare shi da abin ya zo wa Yaya da sauƙi.

Kowane mai wanki yana duba aljihu kafin ya jiƙa kaya, wannan ka'idar sana'a ce, don kada biro ya fashe ko takarda ta narke. Amma akwai duba, akwai bincike. A bangon da ya raba mu akwai 'yar taga da muke miƙa wa juna almakashi da ruwan sha, ta nan nake ganinsa. Da Anti ta ajiye leda ta shige gida, sai ya tsame hannu daga ruwa, ya zaro farar rigarta, ya zura hannun dama cikin aljihu. Ba abin da yake samu sai murfin biro, wani lokaci 'yar robar ɗaure leda, da wani tsumma da take goge teburin aikinta da shi, kullum da ɗan danshi. Sai ya warware tsumman, ya juya shi, ya matsa, ko an naɗe wani abu a ciki. In ya gama sai ya ɗauko rigar Tabarau da ke saman ledar, ya ɗaga ta ya ƙura mata ido, ya sunsuna wuyanta, ya jefar kan tulin kaya.

Na ce masa ta taga, "Yaya, garin tone-tone fa kaza ta tono wuƙar yanka ta."

Ya ce, "Aikina nake yi. Ke ba kya duba ɗinki kafin ki bayar?"

Wata Asabar da hantsi na ji shiru ya yi yawa a shagonsa, babu ƙarar ruwa, babu fito. Na leƙa na gan shi tsaye da rigar Tabarau, fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa. Da ya ji motsina sai ya dulmiya ta cikin kumfa. Bai gaya mini komai ba sai mako na gaba, da abin ya sake faruwa. Ya shigo shagona, ya ja labule, ya zauna a benci.

Ya ce, "Auta, hatimi na gani."

Na ce, "Wane hatimi?"

"Nata. A kafaɗar rigarsa. Wancan makon na ce idona ne, na wanke. Yau ma ga shi, a wuri ɗaya."

Na ce ai mutumin a cikin sinadaran nan yake wuni, ƙila fantsama ce. Ya ce fantsama ba ta da yatsu. Na ce ai farar riga yake ɗorawa a sama, ta yaya hannu zai kai ga ta ciki? Ban san na ƙara wa wuta fetur ba. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "To, kin gani. Sai da ya tuɓe ta saman ke nan." Na ce ai safar hannu take sawa yanzu. Ya ce wadda ake sawa ai ana cirewa. Duk ƙofar da na buɗe masa don ya fita, sai ya mayar da ita taga ya leƙa ya ga abin da ya fi muni.

Na ce ya nuna mini rigar, ya ƙi. Na ce to ya tambaye ta, baki da baki, harshe da haƙori ma ana saɓawa a shirya. Ya ce in ya furta, abin ya tabbata ke nan. Ya ƙulle rigar a leda ya tura ƙarƙashin teburin guga, ya gaya wa Anti wai ta ɓace a cikin kayan wani, zai nemo.

Kwanakin da suka biyo baya Yaya ya rame a tsaye. Ya ƙona wuyan rigar wani malamin asibiti, abin da bai taɓa yi ba tun yana koyo. In Anti ta dawo ta gaishe shi, hannunta yake kallo, ba fuskarta ba. Daga ƙarshe ya fito da abin ta bayan gida: ya ce ta bar aikin. Ita ta zo ta same ni da maganar, ranta a jagule.

Ta ce, "Auta, Yayanki lafiya kuwa? Wai in ajiye aiki. Na ce me na yi, ya ce ruwa ba ya tsami banza. Na ce wane ruwan, ya ce in zaɓa, ko kamfani ko gidansa."

Amana Yaya ya ba ni, ita kuma matar da ta yi jinyar Innarmu har ta cika ce take tambayata. Na ce ta ba shi lokaci, zafin kai ne. Ta ce aikin nan ta fi shekarun babbar 'yarta tana yinsa, in za a raba ta da shi a gaya mata laifinta tukuna.

Ranar Litinin ta saka takalmi ta ɗauki jaka ta fito a lokacin da ta saba. Ta tsaya a ƙofar shago ta ce, "Maigida, na tafi." Ya ci gaba da guga. Yana kallo ta sha kwana. Sai na ji ya ja teburin guga, na ji ƙarar leda, na ga ya fito ko rufe shago bai yi ba. Na bi shi da silifas, tef ɗin awo na rataye a wuyana, ina kira yana ƙara sauri. Na san in ya buɗe ledar nan a gaban mutane, auren nan ya mutu ko da ba a furta saki ba.

Maigadin kamfanin ya san shi, ya buɗe mana har da tambayar ko kaya aka kawo. Ranar na fara ganin ɗakin da Yaya ya daɗe yana kishi da shi. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Dogon tebur mai farin tayil, famfo mai dogon wuya, kwalabe masu ruwan ƙasa a jere kan kanta, 'yan kofunan roba cike da gishiri kowanne da alamarsa, da wata tsohuwar fanka mai kuka. Anti na tsaye da safar hannu, tana juya wani gilashi mai shuɗin ruwa. Tabarau na can ƙarshen tebur.

Ya taso da fara'a yana cewa, "A'a, Maigida da kansa?"

Yaya bai karɓi hannunsa ba. Ya zaro rigar ya shimfiɗa a kan tayil.

Ya ce, "Taka ce?"

"Tawa ce. Ashe an gan ta."

"To wannan hannun wane ne?"

Tabarau ya sunkuya yana gyara tabarau, shi da gaske yake son ya gane. Anti kuwa ta riga ta gane. Ta ajiye gilashin a hankali. Ban taɓa ganin fuska ta mutu haka a gabana ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, don Allah ka ɗan ba mu wuri, maganar gida ce." Ya fita yana waiwaye, ta mayar da ƙofa ta murɗa makulli.

Sai a lokacin na ga tabon da kyau. Ya ɗan dusashe, amma yana nan, babban yatsa a gaban kafaɗa, huɗu a baya. Ni da na ƙare rayuwata ina auna mutane, kallo ɗaya na yi masa na gane. Hannun ya yi wa mace girma. Yatsan tsakiya kuma bai kai na gefensa ba.

Anti ta cire safar, ta ɗora hannunta a kan tabon. Ya yi mata yawa ta ko'ina, kamar yaro ya saka takalmin babansa. Ta daɗe tana kallon gajeren yatsan nan. Sannan ta ɗago.

Ta ce, "Kana sa hannu a aljihuna?"

Ya ce, "Kowane mai wanki..."

"Kana matsa tsumman da ke ciki?"

Ya kawar da kai.

"In ka gama, me kake fara taɓawa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta zura hannu a aljihunta ta ciro tsumman, ta kama hannunsa na dama ta danƙa masa, ta naɗe yatsunsa a kai da nata hannun. Ta karɓe. Ta ce, "Ɗaga rigar yadda ka saba. Ta ɗaya kafaɗar."

Ya ɗaga, don hannunsa ya riga kansa sanin yadda ake yi. Ya ajiye. Muka tsaya mu uku muna kallon rigar. Da farko babu komai, shi ya sa bai taɓa kama kansa ba, yakan jefar da rigar ne ya tafi wani aikin. Can sai farin yadin ya fara sauyawa, kaɗan-kaɗan, har yatsu suka fito. Babba a gaba, huɗu a baya, na tsakiya gajere. Kafaɗun rigar biyu suka zama tagwaye.

Yaya ya dubi rigar, ya dubi hannunsa. Ya ce, "Malama..."

Ta ce, "Da ni ka tambaya, da na yi fushin kwana biyu na huce. Amma aljihuna ka tambaya." Muryarta ba ta tashi ba, da ta yi ihu ma da ya fi sauƙi. "Kuma ka zauna ka yarda cewa abin da na ce na mutum ɗaya ne, zan iya ɗauka in sa wa wani."

Ta ninke rigar ta mayar a leda ta miƙa masa. Ta buɗe ƙofa ta kira Tabarau, ta ce masa tsummanta ne yake ɓata masa riguna a wurin wanki, maigidanta ya zo ne ya nuna musu haɗarin ajiye shi a aljihu. Tabarau ya yi ta godiya, ya ce lalle za a samo bokiti na musamman don tsummoki, har ya rako mu bakin ƙofa. Ta rufa wa Yaya asiri tsaf, kuma ina jin wannan rufin ya fi masa tonon zafi.

Ba ta tafi gidansu ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Shi ma bai sake ta da maganar barin aiki ba. Ya ba ta haƙuri, na sani, domin bangon gidan ma ba kauri gare shi ba, ta kuma ce ta haƙura. Washegari da yamma ta shigo shagona da fararen rigunanta na aiki duka, ta zube a kan keke.

Ta ce, "Auta, ki ɗinke mini bakin aljihunan nan."

Na so in mayar da abin wasa, na ce, "Haba matarmu, to ina za ki riƙa ɓoye mana alewa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ɗinke. Ki yi layi biyu."

Na ɗinke. Ina takawa ina jin dutsen guga ya tsaya a ɗaya gefen bangon. Ba ta kuma ɗauke masa wankin rigunan ba, abin da na zata za ta yi. Kowane ƙarshen mako tana kawo masa su da hannunta, ya wanke, ya sa sitaci, ya bi ta kan ɗinkina da dutsen guga. Daga ranar Tabarau da kansa ya riƙa kawo nasa, kuma duk layin babu rigar da ke samun guga irin tasa.

An daɗe da yin wannan. Yara sun yi aure, Tabarau ya samu canjin wurin aiki, wata mace ce a kujerarsa. Anti tana nan tana tona aidin a cikin gishiri, ta kusa ajiye aikin don kanta. Suna zaune lafiya, kowa zai shaida. Tana dafa masa abin da yake so, in ya yi zazzaɓi ba ta runtsawa. Wanda bai sani ba zai ce ba abin da ya taɓa gittawa.

Amma kishin Yaya bai mutu ba, wurin zama ya canza. Yanzu da mutum ɗaya yake kishi, wani saurayi mai guga da aka taɓa dafa wa ƙirji a ƙofar wannan shago, ya zaga layi da tabo yana washe baki. Shi yake jin haushi, shi yake ganin ya fi shi sa'a, kuma ba kamfanin da zai je ya shimfiɗa masa riga.

Kullum in la'asar ta yi sanyi sai ya kashe wuta, ya yi wanka, ya saka farar riga mai sitaci, ya zauna a benci yana fuskantar kwanar da take ɓullowa. Takan iso ta ce, "Maigida, sannu da aiki." Ya ce, "Sannu da dawowa, Malama." Sai ta wuce wurin famfon da ke bakin ƙofa, ta ɗauki sabulu, ta wanke hannuwanta har gwiwa, ita da ta wuni cikin safar roba. Ta yarfe, ta shige gida.

Jiya ma haka aka yi. Wani mai karɓar kaya yana tsaye yana jiran a ƙulle masa, ya dubi Yaya sama da ƙasa ya girgiza kai.

Ya ce, "Kai, Na-Guga, kai dai a ba ka. Shekara da shekaru ina ganinka, rigar nan taka ko ɗigo ban taɓa gani a jikinta ba."

Yaya ya sunkuyar da kai ya dubi ƙirjinsa, ya shafa wurin da gajeren yatsan nan.

Ya ce, "Ai kuwa. Babu."